Robar Cibiya

A shekarar da aka rufe masallatan Juma'a saboda annobar korona, shekarar da babu maniyyacin da ya tashi daga ƙasar nan zuwa Makka, a cikinta ne na faɗa wa wata mata maganar da bai kamata in faɗa ba. Na ce mata Allah ya isa tsakanina da ita, a gaban mutane, ina nuna ta da yatsa. Shekara huɗu maganar nan tana wuyana. Yadda aka yi na faɗe ta, da yadda na je na janye ta, shi nake so in rubuta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

'Yata ta biyu ce ta zo goyon ciki gidanmu a Liman Abaji. Shekararta bakwai da aure, ciki biyu sun zube, wannan na uku ne ya zauna. Mijinta direban babbar mota ne, rufe hanyoyi ya rutsa da shi can kudu, sai ta waya ake jin muryarsa. Ana tsakiyar azumi, ruwan farko ya sauka ke nan, naƙuda ta kama ta cikin yana wata bakwai. Muka kai ta asibiti ni da uwarta, ta haifi namiji bakwaini. Da na leƙa shi a hannun ungozoma ban ga ya wuce tsawon alƙalumana biyu ba. Nan take aka wuce da shi ɗakin jarirai aka saka shi a kwalba.

Ɗakin nan ba a shiga. Akwai wata taga ta gilashi da ke kallon baranda, a nan kakanni da ubanni ke tsayawa, kowa da takunkumi a fuska. A nan na san matar da nake magana a kanta. Nas ce, gajera, mai wushirya, 'yar ƙabilar Eggon, Kirista. Kowa Sista yake ce mata, ni ma haka na bi. Hausarta tana da yawa, sai dai ba ta rabe mace da namiji.

"Baba, abokinka ta sha nono yau," in ji ta, ta leƙo ta ƙofa.

"Sista, namiji ne fa."

"To, ya sha. Wannan Hausa taku, ko cokali sai an tambaya mace ne ko namiji."

Matata ta ce, "Ki bar shi, kishi yake. Ya ga na yi sabon ango."

"Angon da bai kai mudun gero ba?" na ce. "Ya fito tukuna mu gwada ƙarfi."

Haka muke yi a barandar nan, mu yi dariya kaɗan, sa'an nan kowa ya koma ga tasbaharsa.

Kwana biyu da haihuwa na roƙe ta abu guda. Na ce yaron nan ba a yi masa huɗuba ba, uban ba ya nan, ni ne a madadinsa. Ta shiga ciki ta yi magana da likita, ta dawo ta ce in zo amma minti biyu kawai. Ta sa na cire zobe da agogo, na naɗe hannun riga. Ta tsaya a kaina ina wanke hannu har gwiwa.

"Sake, Baba. Tsakanin yatsu. Kamar alwala ce, sai dai da sabulu."

"Na fi shekara sittin ina alwala."

"Na sani. Sake dai."

Ta buɗe wata 'yar taga a jikin kwalbar, na sunkuya na yi kiran salla a hankali ta cikin takunkumi, ta hana ni tofi. A lokacin na ga robar. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, fara, ta shiga ta cibiyarsa an manne ta da filasta. Na tambaya, ta ce jijiyoyin hannunsa sun yi ƙanƙanta, ta nan ake ba shi ruwa da abinci da magani. Na dube ta da kyau. A raina na ce ashe wannan ce igiyar ransa, an yanke ta uwarsa an ɗaura masa ta asibiti. Da na ba matata labari, abin da ya dame ta daban ne. Ta ce jikanta na fari ta wajen 'yar nan, ga shi ba za ta yi masa gashin cibiya ba.

Ranar suna babu taro. Na yanka rago a tsakar gida, maƙwabta uku suka tsaya nesa da juna muka shafa fatiha. Na yanki 'yar takarda na rubuta sunan yaron da ajami, da sunan ubansa, na kai wa Sista na ce ko za a ajiye masa kusa. Ta juya takardar sama da ƙasa ta ce ba ta san ta ina ake farawa ba. Na nuna mata. Ta liƙa ta da filasta a bayan kwalbar daga waje, inda nake iya hangowa ta taga.

Daga kwana na tara abin ya juya. Ya daina motsa ƙafa kamar da. Cikinsa ya kumbura, fatarsa ta dushe. 'Yata, wadda ake bari ta shiga ta tatsa masa nono, ta fito ta ce mini, "Baba, yau bai kama yatsana ba." Aka ɗebi jininsa aka kai gwaji. Aka rubuto magani muka sayo, aka canja wani muka sayo. Sista ta daina tsokanata. In ta fito sai ta ce, "Muna ƙoƙari, Baba, ku yi addu'a," ta koma.

Ranar kwana goma sha ɗaya, da hantsi, na leƙa ta taga ban ga robar a cibiyarsa ba. Sai auduga da filasta. Likitan ya fito da sauri, ya yi wa Sista magana da Turanci ya wuce wani ɗakin, ita ta tsaya ta yi mini bayani.

"Baba, mun cire robar. Robar ta yi datti a ciki. Dattin ya kama ta, magani ba ya wanke shi. Shi ne yake ba yaron ciwo."

Ta ƙara wasu maganganu, na tuna har ta ambaci randa, amma ban ji su ba. Abu biyu kawai suka shiga kunnena. Na farko, an sa wa jikana roba mai datti. Matar da ta sa ni wanke hannu sau uku, ita ce ke gaya mini da bakinta cewa abin da suka cusa masa a ciki ba shi da tsabta. Na biyu, an zare abin da yake ci da shi yake sha da shi. A wurinmu in aka ce an cire wa majiyyaci roba, an gama ke nan, sai a fara neman likkafani. Na koma kan benci na zauna.

Kwana biyun da suka biyo baya, ina kallo ta gilashi suna neman jijiya a jikinsa. Hannu, ƙafa, har suka aske gefen kansa suka sa allura a nan. In an samu, ba ta daɗewa sai wurin ya kumbura, a sake nema. Ba ya ma kuka, bakinsa kawai yake buɗewa. Ranar kwana goma sha uku, kafin azahar, Allah ya karɓi abinsa.

Sista ce ta fito da shi a naɗe cikin zanen da matata ta kawo. Barandar cike take da mutane. Ta nufo ni da shi, ni kuwa na miƙe, na nuna ta na ce, "Kun sa masa datti, kun zare masa roba. Allah ya isa tsakanina da ke. Ban yafe ba, sai mun tsaya a gaban Ubangiji."

Ta san nauyin maganar, duk wanda ya tashi a garin nan ya sani, Musulmi ne ko Kirista. Ta ce, "Baba," ba ta ƙara ba. Ta juya ta miƙa wa matata yaron da hannu biyu, ta koma ciki.

Muka binne shi bayan la'asar. Ramin bai ɗauki masu haƙa lokaci ba. Uban bai gan shi ba ko sau ɗaya, sai a hoton waya. 'Yata ta yi arba'in a gidanmu babu jariri, uwarta tana dafa mata ruwan wanka kamar yadda ake yi, nono yana zuba tana matsewa a kwano tana zubarwa a gindin bango. Har yau da nake rubutun nan ba ta sake samun ciki ba. Tana ɗakinta, suna zaune lafiya da mijin, amma ba ta zuwa suna ko na wane ne.

Sau ɗaya matata ta tayar da maganar. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, kai ka ga dattin nan da idonka?"

Na ce, "Da bakinta ta faɗa."

"Bakin da ke ce wa namiji ta sha nono?"

Na ce ta bar maganar, ta bari. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na zo wurin da ake neman gafara a cikin wuridina, sai in ji harshena ya yi nauyi. Ina gaya wa kaina ni aka zalunta.

Shekara huɗu bayan haka fitsari ya ɗaure mini, irin na tsofaffi. Aka kai ni asibiti aka sa mini robar fitsari, da jaka da nake ɗaurewa a cinya ƙarƙashin riga. Aka ce in riƙa zuwa ana canja ta a kan lokaci. Na je sau biyu. Na uku na ƙi, don canjin akwai zafi, akwai kuma kunya ga mutum mai shekaruna. Na ce ai tana aiki, me za a taɓa. Zazzaɓi ya kama ni. Na aika kemis aka sayo magani, na sha ya sauka, bayan kwana uku ya dawo. Na sake sha, ya sake dawowa, har na fara rawar sanyi da tsakar rana.

Likitan da ya gan ni matashi ne, Bahaushe, mai son zance. Ya sa aka zare robar aka sa sabuwa, sa'an nan ya ce, "Baba, zo ka ga tsohuwar matarka kafin mu sake ta."

Ya sa safar hannu, ya ɗauki almakashi ya tsaga ta a tsaye. Daga waje fes take. Ciki kuwa wani abu ne ya shimfiɗu a jikinta, fari-fari, mai yauƙi, wani wurin har ya yi tauri kamar ƙanzo. Ya kankara da bakin almakashin, bai fita duka ba.

Na ce, "Datti ne?"

Ya ce, "Ba irin wanda kake nufi ba. Ƙwayoyin cuta ne. In suka sami roba a cikin jiki sai su manne mata, su fitar da wannan yauƙin su lulluɓe kansu, su yi gida. Maganin da ka sha yana kashe waɗanda suka fito yawo cikin jiki. Na cikin gidan ba ya kai musu. Kana daina sha, su sake turo wasu."

"Ko da sabuwa aka sa?"

"Ko a gabanka aka ɓare ta daga leda. Daga fatar mutum ma suna hawa. Ana iya ƙoƙari a rage, a wanke hannu, a kula, amma in roba ta daɗe a jiki ba a cika tsira ba. In sun riga sun yi gidan, sai dai a cire ta."

Na daɗe ina kallon abin. Sa'an nan na ce, "A jariri fa? Bakwaini, wanda aka sa masa ta cibiya?"

Ya ajiye almakashin. Ya ce a jariri abin ya fi tsanani, don jikinsa bai san faɗa ba tukuna, kuma robar cikin jini take kai tsaye. A bar ta, cuta tana ta fitowa daga cikinta. A cire, a rasa hanyar ba shi magani cikin sauƙi. Ya ce duk da haka cirewar ita ce daidai, kuma wani lokaci ko an cire an riga an makara, ba don wani ya yi sakaci ba.

Da na dawo gida ban shiga ɗaki ba, na zauna a zaure inda kayan rubutuna suke. Ina da wani tsohon kurtun tawada da na daina amfani da shi. Duk mai haɗa tawada da gawayi da ƙaro ya san abin da ke faruwa da kurtu in ya kwana biyu: wani yauƙi yake kamawa a bangonsa daga ciki, ya yi wari. Ka ɗauraye shi sau goma, ka zuba sabuwar tawada mai kyau, kwana kaɗan ta lalace. Ba wanda ya zuba ƙazanta a ciki. A nan yake tsirowa. Tun ina yaro na san wannan, da hannuna na yar da kurtu ya fi biyar saboda shi. Abin da matar nan take ta faman gaya mini ke nan da 'yar Hausar da take da ita, har ta kawo misalin randa. Ba ta sami kalmar ba sai ta ce datti.

Na kira matata na gaya mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce, "To, sai ka nemo ta tun kana da ƙafa."

Ban san sunanta ba. A ɗakin jarirai aka ce ta daɗe da barin wurin. Wata tsohuwar mai shara ce ta gane ta da na ce gajera mai wushirya, ta ce tana Jigwada, tana aiki a wani ƙaramin asibitin sha ka tafi, gidanta yana bayan wurin. Muka shiga keke napep ni da matata wata Asabar da safe, ina riƙe da jakar fitsarina ta cikin aljihu kada ta yi lilo.

Muka same ta a ƙofar gida tana shanya agushi a kan buhu. Ta rame. Ta ɗago ta gan ni, hannunta ya tsaya. Ban yi zaton za ta gane ni ba, tun da da takunkumi ta san ni.

"Baba," in ji ta. Irin yadda ta faɗa a baranda.

Ta kawo benci, ta kawo ruwa. Na ce kafin in sha, ina roƙon ta kira maƙwabtanta, ko mutum uku ne. Ta ce me ya faru. Na ce a gaban mutane na yi maganar, a gaban mutane zan janye ta. Aka kira wani tela da mata biyu, suka tsaya suna kallonmu. Na ba su labarin tun daga farko, ban rage komai ba, har robar da ke jikina na faɗa. Sa'an nan na juya gare ta na ce, "Allah ya isan da na yi miki na janye shi. Ba ki da hakkina ko ƙwayar zarra. Ni ne nake da naki. Ki yafe mini don Allah."

Ta zauna a bakin buhun. Ta ce bayan ranar nan ta yi wata takwas a ɗakin, duk jaririn da ya rasu sai ta ga yatsana. Ta ce shekarar da ta biyo baya ta yi ɓari, cikin wata biyar, tana kwance tana tunanin ko maganata ce ta kama ta. Daga nan ta nemi a canja mata wurin aiki.

Na ce, "Ba ta kama ki ba. Ba ki yi laifin da za ta kama ki ba."

"Na sani a kaina, Baba. Amma ba kan mutum ne kawai yake tunani ba, ciki ma yana yi."

Matata tana share hawaye da bakin mayafi.

Sista ta ce, "Na yi ta neman Hausar abin nan. Na tambayi mutane. Har yau ban samu ba."

Na ce ni ma ban san sunansa ba, sai dai in ce yauƙi. Ta maimaita kalmar sau biyu, ba ta fito mata daidai ba, telan ya yi dariya, ita ma ta ɗan yi. Na tambaye ta ko yanzu an sami maganinsa. Ta girgiza kai. Ta ce ƙawayenta da ke can suna gaya mata har yanzu haka ne, a sa roba don a ceci yaro, wani ya tashi, wani robar ta tafi da shi.

Sai ta ce, "Na yafe, Baba. Tun da ka zo da ƙafarka, na yafe. Sha ruwanka."

Na sha. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito da wata 'yar leda a ƙulle. A ciki takardar nan ce da na rubuta ranar suna, da guntun filasta har yanzu a gefenta. Ta ce da za a wanke kwalbar a sa wani jaririn ta ɓanɓare ta. Ta san ba ma yar da irin wannan rubutu a shara, ga shi ba ta da fuskar kawo mini, shi ya sa ta ajiye.

"Naka ne, karɓi. Amma gaya mini me aka rubuta. Shekara huɗu tana akwatina ban sani ba."

Na karɓa da hannu biyu. Tawadar ta ɗan koɗe, amma ana gani. Tun ranar da muka binne shi babu wanda ya furta sunan nan a gidana. Na juya takardar ta daidai, na nuna mata inda ake farawa, na karanta mata.